Makullin Rijiyar Mahaifinka

Hausari, Maiduguri
Tsakiyar watan Sha'aban

Zuwa ga ɗana Zayyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune da su a Ibadan. Allah ya tsare maka sallarka, ya kare ka daga sharrin baƙunta, ya raba ka da abokin da zai kai ka ga nadama. Mu nan lafiya, sai godiya. Ƙafar nan tawa takan motsa idan na daɗe a tsaye, amma ba ta kwantar da ni ba. Yayarka Munira ta Ajilari ta yaye yaron, ya yi rigimarsa ya haƙura. Ƙanwarka Rumaisa'u tana cikin jarrabawa, kuma har yau ba ta koyi rufe tukunya ba idan ta ɗebi miya. Mun sake shafen zaure, amma layin da ruwan ambaliya ya bari a bango ya ƙi ɓoyuwa, yana nan yana leƙowa ta cikin fenti. Zafi ya fara shigowa, ga azumi a bakin ƙofa.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Ishmael ɗan maƙwabciyarmu Naomi zai koma Legas da motar wurin aikinsu, ta garinku zai bi, shi zai miƙa maka hannu da hannu. Na zaɓi rubutu ne domin takarda ba ta cewa layin ba kyau, kuma ba a katse ta da sunan ana kiran mutum a ofis. Kwanan nan duk sanda na kira ka, da na bar gaisuwa na nufi magana, sai layin ya lalace. Ban manta riƙon biro ba, na gama sakandare da sakamakon da ba na jin kunyar nuna shi. Ka sami wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake zuwa gaishe-gaishe.

Na san an ba ka gurbin karatun digiri na biyu a wuri biyu. Na san dole ka amsa wa ɗaya kafin watan Bature ya ƙare, kuma zuciyarka ta riga ta karkata ga na ƙasar waje. Na san ka ce wa Rumaisa'u kada ta faɗa mini sai biza ta fito. Kada ka kira ta ka yi mata faɗa, ba ita ta fara fasa maganar ba. Ita dai na tsare ta ne a bakin murhu har ta miƙo wayar. Yadda na fara ji zan gaya maka a gaba, kuma ina so ka ji nauyinsa kamar yadda na ji. A yanzu abin da zan ce shi ne, ba haka na rene ka ba. Idan alheri ne, me ya sa uwarka ce za a ɓoye wa?

Na sa tabarau na karanta takardun biyu a wayarta, kalma bayan kalma. Inda Turancin ya fi ƙarfina na aika aka kira Malam Dzarma, mijin Naomi, tunda shi ya daɗe yana aikin akawu. Na can Turai sun ce za su koya maka sauyin yanayi, yadda duniya take ƙara zafi, yadda iska da gajimare suke tafiya, duk a lissafe cikin kwamfuta. Su za su biya makaranta, su ba ka ɗaki, su ba ka na abinci. Na nan Arewa kuwa karatun ruwa ne, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, yadda ƙazanta take bin ƙasa ta shiga rijiya da burtsatse, da yadda ake gano hanyarta a tare ta. Su ba su yi maka alkawarin komai ba. Malamar da za ta duba aikinka ce ta rubuto da kanta, ta ce tana son ɗalibin da zai zo da wurin bincikensa a hannu, wata unguwa da ya sani kuma mutanenta suka san shi. Da Malam Dzarma ya kai wannan layin sai ya cire tabaransa ya dube ni.

Bari in tuna maka abin da ka sani, domin nisa yana sa mantuwa. Kana ƙaramar sakandare lokacin da 'yan gudun hijira suka cika unguwar nan, kowane zaure da mutane, famfo ya ƙafe, mata suna dambe a kan jarka ɗaya. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki abin da ya daɗe yana tarawa daga cinikin hula don ya je Umara, ya kira mahaƙa suka haƙa rijiyar nan a ƙofar gida, daga waje, don kada mai ɗiba ya yi sallama ko ya ji kunyar matan gida. Mutane suka ce masa ya fasa zuwa ɗakin Allah saboda rami. Ya ce Umara tasa ce shi kaɗai, ruwa kuwa zai ci gaba da zuwa masa ko yana ƙarƙashin ƙasa. Bai samu ya je ba har ya koma ga Ubangijinsa. A ciwonsa na ƙarshe, a gabana da gaban ƙaninsa, Baffanku Gambo, ya bar wasiyya cewa kada a sayar da ruwan, kada a tambayi mai ɗiba yarensa ko addininsa, kuma kada a taɓa sa mata makulli. Tun da ya rasu, duk asubar da na ji ƙarar guga ina kan sallaya, nakan ce a raina an aika masa.

Sai ga ambaliya. Kai ka zo ka taya mu kwashe laka bayan mun dawo daga gidan yayarka, ka ga da idonka yadda ruwa ya shafe bakin rijiyar, ya haɗa ta da kwata da masai da duk abin da ya kwaso. Zuwanka na biyu ka zo da ƙananan kwalabe da kular ƙanƙara, ka ɗebi ruwan ka tafi da shi wurin gwaji. Bayan ka koma ka kira ni ka ce akwai ƙwayoyin cuta a ciki, irin waɗanda suke fitowa daga bayan gida, ido ba ya ganinsu. Ka aiko da garin maganin da ake zubawa, amma da bakinka ka ce zai kashe su ne na 'yan kwanaki su dawo, domin ta ƙasa suke shigowa. Na tambaye ka ta ina, ka ce ba ka sani ba, karatun da ka yi bai kai nan ba tukuna. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo mata.

Da a nan ka tsaya, da ban ce komai ba. Amma sai ka kira Baffanka yana zaune a shagon hula cikin mutane, ya buɗe muryar wayar don su ji ɗan wansa mai digiri, ka ce masa kashi jama'a suke sha. Haka ka faɗa, ba sakayawa. Zayyad, ko gaskiya ce tana da tufafin da ake sa mata kafin a fito da ita gaban manya. Mutumin nan shi ya ɗauke ka a kafaɗa ranar sunanka, shi ya tsaya a kan makarantarka da mahaifinku ya kwanta. Kuma ka san ɗakunan haya da ya gina a gefenmu, ka san inda aka haƙa masansu, taku kaɗan ne daga rijiyar. Ban ce shi ne ba, kai ma ba ka ce ba, amma duk wanda yake shagon ya ji kamar an faɗa. Tun ranar ba rijiyar yake karewa ba, fuskarsa yake karewa, kuma kai ka jefa shi cikin wannan hali.

To ga abin da ya yi, wanda na tabbata ba a ba ka labarinsa daidai ba. Ya kira masu yasa ya biya su daga aljihunsa, suka shiga suka yashe ta tas. Sun fito da laka da leda da takalman yara, har da murfin tukunyar wani gida. Aka bar ta ta kwana ta kawo sabon ruwa. Bayan la'asar ya cika farin kwano ya kai wa Liman a gaban masallaci, jama'a na tsaye. Ka san abin da aka koya mana tun muna yara a Islamiyya, cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canza ba. Liman ya duba, ya sansana, ya kurɓa, ya ce ruwan nan mai tsarki ne, a yi alwala da shi a yi wanka. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa cewa Liman ya wanke rijiyar Malam, wato mahaifinku. Washegari layi ya dawo har bakin titi. Matan da suka fara tafasa ruwa saboda maganarka suka daina, dama suna kukan tsadar gawayi. Ni ma na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye maka ba. Ruwa garai kamar hawaye, ga bakin malami, ga ƙarar guga ta dawo. Wane mai hankali ne zai bar abin da ya gani da ido ya bi maganar yaro ta waya?

Ba a daɗe ba yara suka fara kwanciya. A gidan Ya Gana, tsohuwar nan Babarbariya mai sayar da turaren wuta, an rasa yaro ɗan yaye. Allah ne ya san sanadi, ba zan ɗora wa ruwa abin da ban sani ba. Sai kuma Kezia, jikar Naomi, wadda take zuwa ta zauna a cinyata tana cin ƙanzo. Amai da gudawa suka kama ta da rana tsaka, kafin yamma idonta ya faɗa, a keke aka kai ta asibiti kanta na lilo a kafaɗar kakarta. Na je na gan ta ana ƙara mata ruwa ta jijiyar kai, don an nemi ta hannu an rasa. Allah ya tashi kafaɗarta, ta dawo gida, amma har yau idan ta yi tafiya sai ta dafa bango. Likita ya tambaye su inda suke ɗiban ruwan sha, ya ce su kiyaye.

Kwana kaɗan da sallamarsu, da hantsi, Naomi ta yi sallama a zaure da jarka a hannu. Shekara nawa tana ɗiba ba ta taɓa shigowa neman izini ba. Ba ta zarge ni ba, ba ta ambaci yarinyar ba. Ta ce ita ba alwala take yi da ruwan ba, don haka maganar Liman ba tata ba ce, ita dai tana sha ne saboda ta san mutumin da ya haƙa. Sannan ta ce, “Maman Munira, ke ki gaya mini. In ɗiba, ko kar in ɗiba?”

Na yi shekara da shekaru ina yi wa matan unguwar nan nasiha, wasu har suna canza hanya idan suka hango ni, amma ranar nasiha ba ta da amfani. Na ce ta ajiye jarkar, na zuba mata daga wanda na tafasa. Da ta fita na aika wa Liman ta bakin matarsa. Amsar da ya aiko ita ce, shi a kan tsarki aka tambaye shi, a kan tsarki ya amsa, kuma bai faɗi ƙarya ba. Maganar cuta ta masu ilimin cuta ce. Ka gani, mutumin bai yi laifi ba. Tambaya ɗaya aka yi masa, mu muka ɗauki amsar muka rufe tambaya biyu da ita. Da azahar na sa hijabi na je kasuwa da ƙafata na sayo kwaɗo, na sa maƙeri ya yi wa murfin ƙarfen rijiyar marataya, na datse rijiyar mahaifinku da hannuna, mata suna tsaye da jarkoki suna kallona.

Ban yi nadama ba, kuma ba na neman kowa ya ce mini sannu. Amma ka san abin da nake ciki. Na karya wasiyyar mijina. Asuba tana yi in idar da salla in zauna, shiru, ba guga, ba hayaniyar yara. Ya Gana idan ta zo wucewa sai ta ɗaga murya ta ce a gaida mai makulli, ta tambaya ko ladan Malam ya tafi hutu ne. Ita da aka yi rashi a gidanta ke nan. Wasu sun daina amsa gaisuwar Rumaisa'u. Kullum da safe ina sayen kurar ruwa wurin 'yan moya, masu tallan ruwa, in sa a ajiye a ƙofar gida, sadaka da sunan mahaifinku, kafin rana ta ɗaga ta ƙare, a bar ni da waɗanda ba su samu ba. Ba zan iya ɗorewa da wannan ba, kuma su 'yan moyar wa ya san inda suke ɗebowa? Ga azumi, ga zafin garin nan da ka sani.

Baffanka ya kai ƙara wurin Bulama, mai unguwarmu. Aka kira ni na je, na tsaya daga gefen zaure, maza suna zaune a kan tabarma, har da Liman da Malam Dzarma. Baffanka ya ce shi shaida ne a kan wasiyya, matar wansa ta yanke wa mamaci lada a kan maganar yaro, kuma idan ba a buɗe ba zai zo da guduma. Na ce wanda ya haƙa ta don mutane su rayu ya haƙa, kuma ba zan bari a riƙa aika masa da kukan uwaye a maimakon lada ba. Na ce ɗana da ya gano cutar zai ƙaro ilimi ya zo ya gano mashigarta, a gyara a buɗe. Sai Baffanka ya yi dariya. Ya tambaye ni, a gaban kowa, wane ɗan nake nufi, ko wanda shi da kansa ya karɓo wa takardar shaidar ƙaramar hukuma a watan jiya don ya yi fasfo? Ya ce yaron jirgi zai hau, ƙasar Turawa za shi ya karanta gajimare, ya tambayi jama'a ko uwar ba ta sani ba ne.

Ban sani ba, Zayyad. A bakin Baffanka na ji, a ƙofar Bulama, maza suna kallon ƙasa don kunyar da suka ji mini. Amma ban bar shi ya ga maganar ta same ni ba. Na ce ɗana ba ya jefa magana ya gudu, kuma na san abin da na haifa. Bulama ya yanke cewa kwaɗon zai zauna har bayan ƙaramar Salla. Idan ka zo ka tsaya a gabansu ka faɗi abin da za a yi da yadda za a yi shi, za a ba ka lokaci, shi da kansa zai sa a bar ka ka duba kowane masai da kowace rijiya a layin nan, har da na gidan hayar. Idan ba ka zo ba, Baffanka ne ɗan'uwan mamaci, ya buɗe. Ka san ma'anar wannan. Za a buɗe, layi zai dawo, kuma Naomi za ta ɗiba, domin ba ta da wani wurin.

Yanzu sai maganar zaɓinka. Rumaisa'u ta zayyana mini hujjojinka, kuma ban ce na banza ba ne. Ka ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, kuma cikin mutane masu yawa aka zaɓe ka. Na yi alfahari, ko da ba ka ba ni damar in nuna ba. Ka ce a nan yajin aiki zai iya mayar da shekara biyu ta zama huɗu, wani lokaci ɗalibi da kansa yake sayen kayan gwaji, kuma ka gaji da zama nauyi a kanmu. Ka ce ita ambaliyar ma daga sauyin yanayin take, wanda ya karanci tushen abu ya fi wanda ya tsaya a kan rami ɗaya amfani. Wataƙila haka ne, ni ban yi jami'a ba. Amma na lura da abu ɗaya a takardar Turawan nan: ba inda suka ce suna neman wanda ya san Hausari. Duk yaro mai kai zai iya zama a kujerar, daga kowace ƙasa, kuma idan ba ka je ba kafin sati wani ya hau. Ita kuwa malamar nan, abin da ta nema kai kaɗai kake da shi. Kanuri kana ji, Hausa taka ce, gidan Naomi kana shiga har ɗaki, tsofaffin layin nan duk sun goya ka. Baƙo idan ya leƙa masai a gidan mutane, korarsa za a yi.

Kuma ka binciki zuciyarka da kyau, wannan shi ne abin da ya fi damuna. Tun kana aji ɗaya a jami'a ruwa kake magana, kai ne mai hana mu zubar da ruwan wanki kusa da rijiya, har mahaifinku yana kiranka duba-gari. Yaushe gajimare ya shiga ranka? Ni dai ban taɓa ji ba sai bayan da ka yi waya da Baffanka unguwa ta ɗauki zafi. Idan son karatun ne ya ja ka, wannan daban. Idan kuwa tsoron haɗa ido da Baffanka ne, da tsoron a ce kai ka rufe rijiyar ubanka, to wannan ba zaɓi ba ne, gudu ne aka sa masa rigar karatu. Wanda ya san abu ya faɗa, ya ɗauki nauyi tun daga ranar da ya buɗe baki. Kai ka ce ta ƙasa cutar take shigowa, kai ka ce iliminka bai kai ka gano ta ina ba. Ga shi an buɗe maka ƙofar wannan ilimin daidai, ka juya mata baya kana neman fasfo a ɓoye.

Maganar ci da sha kada ta zama hujja. Shagon mahaifinku yana nan, ɗakinka yana nan, ba a taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba. Mijin yayarka ya ce shi zai tsaya a kan kayan gwajin, ban roƙe shi ba. Idan yajin aiki ya zo, sai ka dawo ka ci gaba da aikinka a unguwa, dama a nan aikin yake. Turai kuma ba tashi za ta yi ba. Malam Dzarma ya ce akwai digiri na uku, kuma wanda ya je da aikin hannunsa ya fi wanda ya je hannu rabbana daraja a wurinsu.

Duk da haka ka ji da kyau. Ban hana ka ba, kuma ba zan ɗaga maka nono ba. Ba na cikin iyayen da suke ɗaure ɗa da baki. Idan ka yi istihara ka ga can ne, ka kira ni ka faɗa mini da bakinka kamar namiji, zan sa maka albarka, zan soya maka dambun nama na hanya, zan je in tsaya gaban Bulama in ce na yi kuskure a kan abin da na haifa. Zan iya. Na binne miji, na ga ruwa ya ci ɗakina, wannan ba zai kashe ni ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in sake jin labarinka a bakin wani.

Za ka ji wani abu mai nauyi a ƙasan ambulan ɗin nan, na naɗe shi a ƙyalle. Ɗan makullin rijiyar ne. Kwaɗon da 'ya'ya uku ya zo. Biyu na jefa a cikinta kafin in datse, don na san kaina, na san wata asubar shirun zai fi ƙarfina, ko wata mata ta zo mini da goyo da jarka in kasa. Wannan ne kaɗai ya rage, kuma ba ni da ikon riƙe shi, domin ni ban san ranar da ruwan zai yi kyau ba. Kai ne za ka iya sani. Idan ka amsa wa malamar nan, ka zo da shi ranar Salla, ka fara zuwa ka durƙusa ka ba Baffanka haƙuri a kan kalmar da ka faɗa, sannan ku tafi wurin Bulama tare. Idan kuwa can ka zaɓa, kada ka aiko mini da shi, ba zan karɓa ba. Ka tafi da shi, ka sa shi cikin makullan ɗakin da za su ba ka.

Yayarka tana gaishe ka, ita da mijinta da yara. Rumaisa'u tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata. Naomi da Malam Dzarma suna gaisuwa, Kezia ta ce a tuna maka alewar da ka yi mata alkawari. Ya Gana ma ta ce a gaida likitan rijiya, na isar kamar yadda ta faɗa. Baffanka bai aiko da gaisuwa ba, amma kai ka kira shi ka gaishe shi, dolenka ne. Ka gaida mai gidan da kake haya da iyalinsa, ka gaida abokin zamanka Mahfuz, ka ce na gode da kula. Ka ba Ishmael ruwa da abinci kafin ya wuce, ɗan maƙwabta ne. Allah ya kai mu watan azumi lafiya, ya zaɓa maka abin da ba za ka ji kunyarsa ba gobe a gaban mahaifinka. Ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ko da guga ya yi shiru.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Muhsinatu